Jikokin Agege a Lambun Ƙofar Sauri

Yaran Hausawan da aka haifa a Agege sun san tumatir a kwando, sun san albasa a buhu, domin iyayen da yawa daga cikinsu a kasuwar Mile 12 suke neman abinci, inda manyan motoci ke sauke kayan gwarin Arewa dare da rana. Amma tambayi ɗayansu ko albasa a reshe take fitowa ko a cikin ƙasa, sai ya tsaya yana kallonka. Jikokina uku suna cikin irin waɗannan yara: babbar mace ce ta kusa gama firamare, sai namiji mai bi mata, sai auta wanda bai daɗe da shiga makaranta ba. Kakan ubansu kuwa, wato mahaifina, ɗan lambu ne a bayan Ƙofar Sauri cikin Katsina, kuma har gobe ƙanena yana riƙe da abin da ya rage na wannan lambu. Shi ya sa da hutun zango na biyu ya faɗo bayan ƙaramar salla, na roƙi ubansu ya ba ni aronsu mu je gida.

Kafin mu taso, uban ya ce sai an fara kai su bakin teku, don ya yi musu alkawari tun cikin azumi. Bar Beach da muka sani a shekarun 1980, wurin da kowane talaka ke zuwa shan iska ba tare da ya biya ko kwabo ba, yanzu babu ita. An cike wurin da yashi ana gina unguwar Eko Atlantic. Sauran bakin ruwan da ke wajen Lekki yawanci sai ka biya kuɗin shiga. Mu dai Badagry muka nufa, can kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. A watan Afrilu ruwan sama ya riga ya sauka a Legas, ganye ya yi shar, iska na da danshi. Itatuwan kwakwa sun yi layi a bayan rairayi, masunta sun jeru a kan igiya guda suna jan koma daga cikin ruwa da waƙarsu, samari na yawo da dawaki suna neman mai hawa. Yaran suka yi ta tsere da igiyar ruwa: ta taso su ruga, ta koma su bi ta. Ban bar kowa ya shiga ya wuce idon sawu ba, domin tekun wannan gaɓa yana da ja ta ƙasa, kuma bai san yaro ba.

Autan ya ɗibi ruwa a robar da ya shanye lemo, ya ce zai kai wa tumatirin Katsina tsaraba. Na ce masa ya ɗanɗana tukuna. Ya ɗanɗana ya tofar. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35, kuma da za a zuba shi a gindin tumatir, da a kwana kaɗan ya bushe. Na daɗe ina zaune a kan rairayin nan ina kallon ruwa iya ganin ido, ruwan da ba zai raya ko fangali ɗaya na alayyafo ba, alhali inda za mu je mutum na iya ɓata da maƙwabcinsa na shekara da shekaru a kan ruwan da bai kai gwiwa ba.

Motar dare muka shiga, ta bi da mu Ibadan, Akure, Okene, muka haye kogin Kwara a gadar da ke gaba da Lakwaja, gari ya waye mana a hanyar Abuja. Daga Kaduna zuwa Zariya yaran suka fara lura da cewa duniya ta sake launi. Kurmi ya ƙare, ƙasa ta yi fari, gonaki sun zama fili sai kututturen karan dawa. A Kano muka sauya mota, muka bi ta Bichi, Tsanyawa, Kankiya da Charanchi. Babbar ta nuna mini wata bishiya mai kore shar a tsakiyar gona busasshiya, ta ce me ya sa ita kaɗai ba ta ji rani ba. Gawo ne. Na gaya mata cewa shi da rani yake ganye, da damina ya kakkaɓe, shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki. Da la'asar sakaliya muka shiga Katsina ta Ƙofar Ƙaura.

Bazara a Katsina ba wasa ba ce. Zafin rana kan haura digiri 40, bangon ɗaki ya riƙe zafi har tsakar dare, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Amma lokaci ne mai daɗinsa. Mangwaro ya cika gari, bedi (haka Katsinawa ke kiran darbejiya) ya yi fure yana ƙamshi da yamma, manoma na sharar gona suna kai taki a kan jakuna da amalanke, idanun kowa na gabas ana jiran hadarin farko. Ruwan da Katsina ke samu a shekara bai kai rabin na Legas ba, kuma kusan dukkansa a tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Sauran watannin, duk ɗanyen ganyen da ka gani a kasuwa wani ne ya tashi da asuba ya ba shi ruwa.

Ƙofar Sauri tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin, tare da Ƙaura, Ƙwaya, Guga, 'Yanɗaka, Durɓi da Marusa, kuma ita ce ke fitar da mutum hanyar Kaita, wadda ke miƙewa har iyakar Nijar. Ganuwar ta zaizaye a wurare da yawa, wani wajen sai an nuna maka tudun ka gane. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayenta ya kai mil 13 zuwa 14, kuma ya tarar yawancin cikinta gonaki ne, gidaje sun takure a ɓangare guda. Kafin shi, Hugh Clapperton ya biyo ta nan a 1824, ya ambaci ɓaure da rumman da lemun tsami da kankana a garin, aka kuma gaya masa cewa a da har inabi ana samu da yawa. Ashe lambu a Katsina tsohon gado ne, ya girmi latas da kabeji da karas da muke gani yau.

Abin da ya riƙe lambunan wannan gefen gari shi ne rafin Ginzo, wanda ke ratsa birni ya bi ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi ya wuce ta Ƙofar Sauri. A gefe da gefensa aka yanka ƙananan filaye, wani bai fi filin gida guda ba, an kewaye da ƙaya ko dangar kara ko zogale. Namu yana cikinsu.

Washegari bayan sallar asuba ƙanena ya tashe mu. Shi da yaran tun daren jiya suka ƙulla wasan jika da kaka: babbar ta zama amaryarsa, mai bi mata ya zama abokin takara.

"Amarya, in ba ki iya ban ruwa ba, na fasa auren," in ji shi.

"Kaka, ai ni ma ban ce ina son tsoho ba," ta mayar masa.

Ya yi dariya ya miƙa mata ƙaramar fartanya, ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, kai dai zauna gindin mangwaro ka huta, bari in ga mi Ikko ta koya masu."

Ban ruwa aiki ne da ido ke gani kamar sauƙi. An raba lambun fangali-fangali, kowanne da ɗan kunya kewaye da shi, magudana ta ratsa tsakiya. Idan inji ya tashi ruwa ya biyo magudanar, sai mai fartanya ya ɓalle bakin fangalin farko, ya ɗauki laƙar da ya ɓalle ya datse magudanar da ita, ruwa ya karkata ya shiga. Da ya kusa cika, sai ya mayar da laƙar wurinta, ruwa ya wuce gaba, shi kuma ya riga shi isa fangali na biyu. Sara ɗaya ke buɗewa, sara ɗaya ke rufewa. In ka yi jinkiri ruwa ya karya kunya ya tafi a banza, in ka yi gaggawa ƙarshen fangalin ya kwana da ƙishi. Namijin ya fara da ƙarfi, ya sare kunya har ruwa ya malale kan hanya. Ƙanena bai yi masa tsawa ba. Ya durƙusa ya cika hannu da laƙa ya toshe, ya ce, "Abokina, wannan ruwan da ka gani da kuɗi aka saye shi. Sara kaɗan." Kafin rana ta yi zafi yaron ya gane, har yana gaya wa yayarsa ta matsa ruwa na zuwa.

Da gaske ne da kuɗi ake sayen ruwan. A zamanin mahaifinmu da jigo ake ɗaga shi: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gefe ɗaya, curin laƙa a ɗaya gefen, mutum na ja yana saki tun asuba har kafaɗa ta mutu. Ni da ƙanena mun ja shi muna yara. Daga baya ƙananan injunan fetur suka shigo suka kori jigo, yanzu ko na gani-da-ido babu. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗan lambu kan yi lissafin kowace lita kafin ya ja igiyar inji. Wasu sun juya injinsu ya koma aiki da tukunyar gas, masu hali sun sa na hasken rana, marasa hali sun rage yawan abin da suke shukawa.

A wannan lokaci na shekara lambu na sauya kaya. Latas ba ya son zafi: ya miƙe ya fitar da kai, ganyensa ya yi ɗaci, sai 'yan gindin da aka bari don iri. Kabeji da karas sun ƙare. Tumatir na kan gargararsa, kuma ƙanena ba ya sake dasa shi a bazara tun abin da ya faru a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Katsina da Kano da Kaduna da Jigawa, har kwando ya gagari mutane a Legas. Abin da ke tashe yanzu shi ne alayyafo da rama da yakuwa da kuɓewa da gurji, sai masarar da aka shuka don a gasa kafin ta damina ta iso. Albasa kuwa ta nuna, ganyenta ya kwanta.

Ranar cire albasa ita ce ranar da yaran ba za su manta ba. Autan ya kama lawashi ya ja, ƙasa ta tsage, ga albasa ja jawur a hannunsa da saiwarta. Ya yi tsaye yana juya ta, sannan ya ruga yana kiran yayarsa ta zo ta ga inda take ɓuya. Daga nan ba a sake samun kansa ba, sai da aka hana shi cire waɗanda ba su ƙosa ba. Aka shanya ta a inuwa ta sha iska. Matar ƙanena ta kwashi ganyen ta kai gida, ta sa babbar ta taya ta daka shi a turmi, suka dunƙula gabu suka jera a rana. Yarinyar da a Agege ba ta san komai ba sai dunƙulen da ake saye a kanti, ga ta tana haɗa kayan miya da hannunta tana tambayar wata nawa zai yi bai lalace ba.

Ƙanena ya ware musu fangali guda ya ce nasu ne. Suka farfasa ƙasa, suka zuba takin awaki da toka, ya nuna musu yadda ake gauraya irin alayyafo da yashi kafin a watsa, don ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, in ba haka ba ta taru wuri ɗaya. Alayyafo ba ya ba yaro wahalar jira. Kafin mako ya zagayo ƙasa ta yi kore, kuma kullum da safe kafin su karya sai sun je sun duba. Na lura da wani abu a nan. A Legas ina zaune da yaran nan gida ɗaya, amma hirarmu ba ta wuce gaisuwa da kuɗin alewa, kowa na kan waya ko talabijin. A bakin fangali kuwa, hannu na aiki baki na tafiya. A nan suka ji labarin mahaifinmu, da yadda yake ɗaukar kayan lambu a ka zuwa kasuwa, da yunwar 1973 da ta koro mutane da dabbobi daga Nijar suka cika bakin ƙofar nan. Ba wanda ya zaunar da su don ya ba su tarihi. Su suka yi ta tambaya.

Da rana ta take, ba a iya aiki. Wata rana muka laɓe a gidan tarihi da ke Rafukka, nan kusa da ƙofar, a ginin ƙasa na tsohuwar Kwalejin Katsina wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin makarantar ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zauna a Zariya ta zama Barewa. Abin da ya fi burge yaran shi ne sanyin ɗakunan, ba fanka ba komai, sai kaurin bango da tsawon ɗaurin guga. Na kuma gaya musu cewa Sarki Dikko ya riga su sanin teku, domin a 1921 ya shiga jirgin ruwa ya je Ingila, ya kuma sauke farali a Makka.

Akwai abin da ke ci mini rai game da lambunan nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ginzo na rani ba ruwan sama ba ne. Abin da ke gudana a cikinsa daga Nuwamba zuwa Mayu yawanci ruwan kwata ne na gari: wanki da wanke-wanke, ruwan wankin mota da baƙin mai, da abin da ya fi haka muni, ga leda ta toshe ko'ina. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 garin ke ta faɗi, ruwan lambatu ya ƙaru, shi ya sa rafin ba ya ƙafewa, shi ya sa kuma ya ƙazantu. Manoma na son sa don yana ɗauke da taki, ganye na yin kyau da shi. Amma latas da kabeji da lansir ɗanye ake cin su, kuma mai tsayawa cikin wannan ruwa ba takalmi kullum, lafiyarsa yake sayarwa. Ban bar yaran sun taɓa ruwan rafin ba. Fangalinsu da rijiyar lambun aka shayar da shi, wadda mahaifinmu ya haƙa, ko da yake a bazara ruwanta ba ya isar rabin filin.

Ba na ganin laifin ɗan lambu a nan, kuma ba na tare da masu cewa a kore su daga bakin rafi. Wanda ya ce a kore su, ya faɗi inda garin zai samo ganyen miya, da abin da dubban bakunan da ke ci daga wannan sana'a za su koma yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2006 kan noma da ruwan da aka yi amfani da shi, hanyoyin rage cutarsa ta nuna: a bar ruwa ya kwanta a rami kafin a ja shi, a shayar ta gindi ba ta kan ganye ba, a dakatar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin a cire amfani, a wanke kaya da ruwa mai tsabta kafin su isa kasuwa. Babu ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin hukuma ko ƙungiyar manoma. Abin da ya rage shi ne wani ya ɗauki lambun cikin gari a matsayin abin da ya cancanci tsari, kamar yadda ake ɗaukar titi da kasuwa.

Da hutun ya kusa ƙarewa yaran suka fara kewar babban ruwa. Na so in kai su madatsar Jibiya, amma 'yan uwa suka hana saboda halin da hanyar ke ciki na rashin tsaro, muka nufi Ajiwa a ƙaramar hukumar Ɓatagarawa. Madatsa ce da aka yi tun shekarun 1970 a kan kogin Tagwai, daga nan ake tace ruwan da ake turawa famfunan Katsina. A bazara ruwan ya ja baya sosai, ya bar faffadan bakin laƙa da ya tsattsage, shanu na gangarowa sha, balbela na bin su. Masunta na fitowa da karfasa da tarwaɗa a ƙananan kwale-kwale, mata na soyawa a gefe da yaji. Namijin ya ce wannan ai teku ne marar igiya, ya fara cire riga. Na hana shi, domin ruwan da ke kwance irin wannan shi ne gidan tsargiya. Ya ɓata rai, har sai da wani masunci ya yarda ya nuna masa yadda ake jefa birgi daga tudu. Babbar kuwa ba ruwan take kallo ba. Ta hango mesa ta fito daga bakin madatsar ta nufi wasu gonaki kore, ta ce, "Kaka, su waɗancan ba sa rigimar ruwa ko?" Kwana kaɗan a lambu sun sa ta fara kallon ruwa da idon mai shuka.

A daren da za mu taso ƙanena ya kira ni zaure. Lambun mahaifinmu a da ya ninka na yanzu. Gidajen bulo sun ci gefensa na yamma, maƙwabta biyu sun sayar an yanka filaye, kuma dillalai sun sha zuwa masa da tayin da noman shekara goma ba zai ba shi ba. 'Ya'yansa maza ɗaya na tuƙa a-daidaita-sahu, ɗaya na gyaran waya, babu mai sha'awar fartanya.

"Yaya, ni ban son saidawa," in ji shi. "Amma gwiwa ta fara gazawa, ga mai ya yi tsada, ga ruwan rafin nan kai ma ka gani."

Muka yi lissafi tare. In aka haƙa ƙaramar rijiyar burtsatse aka ɗora mata injin hasken rana, lambun zai rabu da Ginzo ya rabu da fetur, kuma latas ɗin da aka san da ruwa mai tsabta aka shayar da shi ba zai rasa masu saye ba. Na ɗauki rabin kuɗin, na kira uban yaran a waya ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ƙanena ya ce zai cike in ya sayar da albasar da ya ajiye, idan ta yi daraja wajen Oktoba. Muka yi shawara a fara haƙa bayan damina. Sharaɗin da ya kafa mini ɗaya ne: duk hutun bazara in riƙa turo masa yaran, kuma wanda ya fi nuna hannu a cikinsu a bar masa shi ya yi sakandare a Katsina. Na ce wannan magana ce ta ubansu da uwarsu, zan kai musu ita.